Pleasantville ba a baƙi da fari aka ɗauke shi ba

Wani marubuci ya ce a labarinsa an ɗauki fim ɗin Pleasantville na 1998 a baƙi da fari, daga baya aka shafa masa kala. Akasin haka aka yi. Darakta Gary Ross da mai ɗaukar hoto John Lindley da fim mai kala suka ɗauka, aka juye shi cikin kwamfuta, sannan aka riƙa zare kalar daga inda ba a so, a bar ta a kan fure ɗaya ko fuskar mutum ɗaya. Daƙiƙa guda hoto 24 ce, kuma kowanne sai an bi gefen abin da za a bar wa kala an zagaye shi. In layin ya ɗan goce tsakanin hoto da hoto, sai ka ga kalar tana rawa a gefen gashi ko kafaɗa. Ga matsalar haske: ja da kore masu ƙarfi ɗaya, in an zare kala, toka iri ɗaya suke komawa, riga ta ɓace cikin bango, dole a haska ɗan wasa ta baya don a raba shi da bangon. Wanda kuma ya ce fim ɗin barkwanci ne kawai, ya duba wanda aka ba rawar mai gyaran talabijin: Don Knotts, tauraron tsohon shirin barkwancin talabijin na Amurka The Andy Griffith Show, wato irin shirye-shiryen da fim ɗin ke zolaya. Me ya sa labarin ya tsaya kan jaruman fim ɗin, Tobey Maguire da Reese Witherspoon, bai ko ambaci wannan dattijo ba?