Golf ɗin 'yan sama da 50: Kakar 2023 ta nuna tsohon suna ba ya jefa ƙwallo a rami

Duk wanda ya ɗauki jerin waɗanda suka ci gasa a kakar 2023 ta PGA Tour Champions, wato zagayen gasannin golf na ƙwararrun da suka kai shekara 50 zuwa sama a Amurka, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, zai ga wani abu da masu shirya gasar kansu ba su cika son a riƙa faɗa da ƙarfi ba. Mutanen da ake manna hotonsu a allon talla don a sayar da tikiti daban, mutanen da suke kwashe kofuna kuma daban. Ni kam a ganina wannan jerin shi ne babbar hujjar cewa ƙofar shiga gasar ta yi ƙunci fiye da kima, kuma ya kamata a ƙara buɗe ta ga waɗanda ba su da tsohon suna amma hannunsu na da kyau yanzu.

Ga wanda bai saba da abin ba, tun 1980 aka kafa wannan zagaye, yawancin gasanninsa kwana uku ake yi, rami 54, 'yan wasa 78, kuma ba a zaftare kowa a tsakiyar gasa kamar yadda ake yi a babban PGA Tour, ma'ana in dai ka samu shiga to ko na ƙarshe ka zo akwai ɗan abin da za ka saka a aljihu. Manyan gasanni biyar ne ake bugawa kwana huɗu. A ƙarshen shekara kuma wanda ya fi kowa sai a ba shi Charles Schwab Cup.

To a 2023 Steve Stricker ne ya mamaye ko'ina. Gasa shida ya ci, uku daga ciki manya ne: Regions Tradition a Alabama, Senior PGA Championship a Frisco ta jihar Texas, da Kaulig Companies Championship a filin Firestone da ke Akron. Ya fara da cin gasar buɗe kaka a Hawai a watan Janairu, ya ci wadda shi da kansa yake karɓar baƙuncinta a Madison a watan Yuni, ya rufe da Sanford International a Satumba, kuɗin da ya tara a kakar ya kusa taɓa dala miliyan 4 wanda ba a taɓa tara irinsa a kaka ɗaya a wannan zagaye ba. Har sai da ya jera zagaye 55 bai taɓa wuce adadin bugun da aka ƙayyade wa fili ba, ya shafe tarihin Tiger Woods na 52. Kuma fa wannan mutumin a ƙarshen 2021, bayan ya jagoranci Amurka ta lallasa Turai 19 da 9 a Ryder Cup, wata rashin lafiya ta kwantar da shi asibiti har ta taɓa masa zuciya, ya rame sosai, mutane ma ba batun kofi suke ba a lokacin, addu'ar ya tashi kawai ake yi.

Amma abin da nake so a lura da shi, Stricker duk tsawon ƙuruciyarsa bai taɓa cin babbar gasa ko ɗaya ba. Eh ya ci gasa 12 a PGA Tour, ba ƙaramin ɗan wasa ba ne, sai dai babu Masters, babu US Open, babu ko ɗaya daga cikin huɗun nan da ake auna gwanaye da su. Yanzu ka ajiye shi kusa da Ernie Els na Afirka ta Kudu mai manyan kofuna huɗu, wanda gasa ɗaya tak ya ci a 2023, Hoag Classic a watan Maris. Ko Vijay Singh mai manya uku da nasara 34 a PGA Tour, shi ma ɗaya ya samu, Ally Challenge, ita ɗin ma gaskiya kyauta aka ba shi, domin Paul Goydos ne ke kan gaba sai da ya zo rami na 17 ya yi ta gangara ƙwallo tana kauce wa rami har sau biyar kafin ta faɗa, abin tausayi wallahi, Singh yana can gaba ya ga kofi ya faɗo masa.

Padraig Harrington ɗan Ayilan shi ne ya fi ba ni tausayi a shekarar. Mai manyan kofuna uku ne, kuma har yanzu yana dukan ƙwallo da nisa kamar ɗan shekara 30, ya ci gasa biyu, amma manya biyu suka suɓuce masa a bugun raba gardama. A Frisco shi ke jan ragama tun ranar farko, a rana ta uku ya tsaya kewayawa a rami na 16, ƙofar banɗakin tafi-da-gidanka ta ba shi wahala, ya fito a gaggauce ya yi mummunan bugu, shi da bakinsa ya ba da labarin yana dariya daga baya, irin abin da sai a gasar dattawa za ka ji. Stricker ya kamo shi, aka je raba gardama ya doke shi, kuma 'yar Stricker ɗin, Izzi, ce ke riƙe wa mahaifin nata jakar sanduna a wannan makon. Wata biyu bayan haka a Royal Porthcawl da ke Wales, a Senior Open, iska da ruwan sama suka yi wa 'yan wasa dukan kawo wuƙa har wanda ya fi kowa sai da ya haura adadin da aka ƙayyade da bugu biyar, nan ma Harrington ya je raba gardama, nan ma ya sha kashi, wannan karon a hannun Alex Cejka.

Waye Cejka? An haife shi a tsohuwar Cekoslobakiya, yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya gudu da shi zuwa Jamus, ya yi shekaru yana gwagwarmaya a PGA Tour gasa ɗaya kawai ya ci, Puerto Rico Open a 2015. A 2021 da ya ci Regions Tradition ba ya ma cikin jerin waɗanda aka tsara za su buga, yana layin jira ne sai da wani ya janye sannan aka kira shi, ya shiga ya doke Stricker a raba gardama, 'yan makonni kaɗan bayan nan ya ƙara da Senior PGA. Da a ce ba wanda ya janye a wancan makon fa? Shi ke nan, mutumin da yanzu ke da manyan kofunan dattawa uku da yana zaune a otal yana kallo a talbijin.

Haka Stephen Ames, haifaffen Trinidad mai takardar Kanada, wanda yawancin masu kallo ba su tuna shi da komai sai ranar da ya yi wa Tiger Woods ɗan tsokaci a 2006 Tiger ya yi masa kaca-kaca a karon gaba da gaba, aka tashi wasa tun a rami na 10. Mutane sun manta cewa a shekarar ce dai Ames ya ci Players Championship, ɗaya daga cikin gasannin PGA Tour mafi daraja. A 2023 gasa huɗu ya ci, Stricker ne kawai ya fi shi, ta farkon ma a nan nahiyarmu ce, Trophy Hassan II a birnin Rabat na Maroko a watan Fabrairu.

Sai uban gayyar, Steven Alker ɗan New Zealand. Wannan bawan Allah ya shafe shekaru yana yawo daga ƙaramin zagaye zuwa wani, yau ya samu katin izinin buga PGA Tour gobe ya rasa, babu wanda zai tsayar da shi a filin jirgi ya ce su ɗauki hoto. Ya cika 50 a Yulin 2021 ba shi da gurbi ko kaɗan a zagayen dattawa, sai da ya bi ta wasan share fage na ranar Litinin ya shiga Boeing Classic, kuma akwai ƙa'idar cewa in ka ƙare cikin goman farko za ka iya buga gasa ta gaba, to da wannan siririn zaren ya riƙa rataya mako bayan mako har ya ci TimberTech Championship a Nuwamba. A 2022 ya ɗauke Schwab Cup gaba ɗaya. A 2023, shekarar da mai riƙe masa jaka Sam Workman ya rasu da cutar kansa, ya ci Insperity Invitational a Texas ya kuma ci gasar rufe kaka a Phoenix. A 2024 ya sake ɗaukar Schwab Cup. Bugu ɗaya ko biyu su karkace a waccan Litinin ɗin ta 2021, wataƙila da duk wannan labarin babu shi, kuma tambayar da ke damuna ita ce su Alker nawa ne bugun nasu ya karkace a ranar Litinin aka sallame su ba wanda ya san da su.

Domin tsarin shigar haka yake: kaso mai tsoka na guraben 78 ɗin nan ana raba su ne bisa abin da mutum ya yi a baya, yawan nasarorinsa da kuɗin da ya tara a tsawon rayuwarsa ta wasa, ga kuma gayyatar masu ɗaukar nauyi. Gasar neman gurbi ta ƙarshen shekara kuwa kati biyar kacal take bayarwa a lokacin, duk yawan masu nema. Tamkar kasuwa ce da aka raba rumfuna ga 'ya'yan tsofaffin 'yan kasuwa, baƙo kuwa ko kayansa sun fi na kowa kyau sai dai ya baza a bakin ƙofa yana jiran wani ya yi tafiya.

Na san me za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce to ai Bernhard Langer ga shi nan, mai Masters biyu, 1985 da 1993, kuma shi ne ya yi abin da ya fi komai girma a kakar. Gaskiya ne. A Fabrairu ya ci Chubb Classic ya kamo Hale Irwin a nasara 45, mafi yawa a wannan zagaye, tarihin da ke tsaye tun 2007 ana ganin ba mai taɓa shi, sannan ranar 2 ga Yuli a filin SentryWorld na jihar Wisconsin, yana da shekara 65 da wata 10, ya ci US Senior Open ya kai 46. Kuma a gidan su Stricker ya yi hakan, Stricker da Jerry Kelly duk 'yan Wisconsin ne, jama'ar gari duk su suke wa ihu, tsohon nan ɗan Jamus ya yi ko oho ya bar Stricker a baya da bugu biyu, Kelly ya zo na uku. Haba, wannan ai sai jinjina. Amma ku duba da kyau, ba rigar Masters ta 1985 ce ta ci masa wannan kofin ba, shekaru ne na kula da jiki da atisaye kullum kamar sabon shiga, mutumin da ciwon rawar hannu wajen gangara ƙwallo ya sha kama shi yana sake salo, aka hana jingina doguwar sanda a ƙirji a 2016 ya sake gyara riƙonsa ya ci gaba da ci. Irin Langer ko an buɗe ƙofa ga mutum dubu ba abin da zai same shi, ya ma tsinke jijiyar agara a farkon 2024 ya dawo ya ci ta 47 a Nuwamba. Waɗanda ƙuncin ƙofar ke karewa su ne masu zuwa su yi kwana uku suna yawo a 'yar motar fili su ƙare na 60 su karɓi cek.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta kuɗi. Wannan zagaye ba shi da kuɗin babban PGA Tour, duk abin da Stricker ya tara a shekarar da ya kafa tarihi kaɗan ya ɗara dala miliyan 3.24 da Jon Rahm ya samu a mako ɗaya a Masters ta 2023, balle a yi maganar miliyan 18 da Viktor Hovland ya kwasa a FedEx Cup, kofin ƙarshen kaka na babban PGA Tour. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyi suna biya ne don manyan abokan cinikinsu su samu buga zagaye ɗaya da tsofaffin taurari irin su Fred Couples ko John Daly kafin a fara gasa, su ɗauki hoto su kai ofis, babu manajan bankin da zai biya dubban daloli don ya yi yawo da Alker na 2021. Na yarda da wannan, kuma ban ce a kori su Couples ba, shi ma ai ya ci SAS Championship a 2022 yana da shekara 63 da bugu 60 a zagayen ƙarshe. Abin da nake cewa shi ne lissafin ya karkata da yawa. Taurarin da ke jan jama'a da gaske ba su kai rabin 78 ba, sauran guraben da ake rabawa bisa tsohon tarihi suna tafiya ne ga mutanen da ba sa sayar da tikiti kuma ba sa cin kofi. Daga cikin waɗannan za a iya yanko guda goma a mayar da su ga masu neman gurbi da wasan Litinin ba tare da ko kamfani ɗaya ya janye kuɗinsa ba.

Kuma lokaci ba ya jiran ɗan wasa a nan. Ban da irin su Langer, yawancin kofuna 'yan shekara 50 zuwa 56 ko 57 ne ke cin su, Stricker 56 yake a 2023, Cejka da Alker 52, Harrington 51 zuwa 52. Wanda aka bar shi a layin jira shekara biyu ko uku an riga an cinye masa rabin damarsa, ba kamar matashi ɗan 24 ba da zai ce bari in dawo baɗi.

Abin da ya sa nake ganin gyaran zai yi wuya shi ne Tiger Woods, wanda aka haifa ranar 30 ga Disamba 1975, wato ƙarshen 2025 ke nan shekarunsa 50 cif. Ko gasa uku kawai ya yarda ya riƙa bugawa a shekara, masu talla za su yi rububi, kuma duk wanda ke zaune a teburin yanke shawara zai ƙara gamsuwa cewa suna ne ke kawo kuɗi, a ƙara matse guraben marasa suna don a tabbatar da kujerun tsararrakinsa da ke biyo baya.