Murjani ba dutse ba ne

A nan Katsina da yawa sun ɗauka murjani dutse ne da ake haƙowa. Abin yana damuna, amma ban ga laifinsu ba: ka riƙe ƙwayarsa a tafin hannu, ga tauri, ga sanyi.

A gaskiya wasu ƙananan halittun teku ne masu rai suke gina shi da sinadarin alli, sannu a hankali, kamar yadda gara ke tayar da shuri.

Shi ya sa a Ras Muhammad, wani yanki na gaɓar Bahar Maliya da Masar ta keɓe a 1983 don kare halittunsa, aka hana baƙi taka murjanin da ke cikin ruwa ko ɓallo guntu. Kifaye cikinsa suke fakewa, kuma reshen da ya karye yakan ɗauki shekaru kafin ya mayar.