Binciken Ife da Soke Koyarwa da Harshen Uwa

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi na Najeriya, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar koyar da ɗaliban firamare da harshen uwa, wadda gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2022 lokacin da Malam Adamu Adamu ke riƙe da ma'aikatar. Hujjar da aka bayar ita ce ɗaliban yankunan da suka rungumi harshen gida ne suka fi faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Wannan hujja tana da rauni tun daga lissafi, domin yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai ma gama firamare ba, waɗanda kuwa suka rubuta jarrabawar kammala sakandare a 2025 sun fara makaranta ne tun wajen 2013.

Abin da ya fi damuna shi ne, Najeriya tana da amsar da ta samo da kanta a kan wannan tambaya. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji a wata makarantar firamare da ke Modakeke, inda aka koyar da wani rukuni na yara lissafi da kimiyya da sauran darussa da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa a hannun ƙwararren malami. Ɗaya rukunin ya bi tsarin da aka saba, wato Yarbanci shekara uku sannan a koma Turanci. Da aka auna su, sai aka tarar yaran da suka yi karatu da harshensu ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su fahimtar sauran darussa.

Masu sukar binciken sun ce an gatanta yaran gwajin da sababbin littattafai da horarrun malamai, don haka ba harshe kaɗai ya kawo nasarar ba. Na yarda da wannan suka, kuma a ganina nan ne darasin yake. Masu binciken Ife sun zauna sun ƙirƙiro kalmomin kimiyya, sun rubuta littattafai, sun horar da malamai, kafin su ce yaro ya koya da harshensa. Mu kuwa tun Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 muke da tanadin koyarwa da harshen uwa a farkon firamare, amma mafi yawansa a takarda ya tsaya. Ɗora wa harshe laifin aikin da ba a yi ba, shi ne a bar jaki ana dukan taiki.

Na taɓa zama a bayan wani aji uku na makarantar gwamnati, yara sun cika ɗakin har bakin ƙofa, wasu a kan tabarma. Malama ta rubuta jimlar Turanci a kan allo, tana biyawa suna amsawa da ƙarfi, sannan ta juya ta yi bayani da Hausa cikin gaggawa kamar mai aikata laifi. Da aka tashi tara na nuna wa wata yarinya kalmar "ruwa" a takarda, ta daɗe tana kallo, sannan ta sunkuyar da kai. Littafinta cike yake da rubutun da ta kwafa da kyau, amma ba ta iya haɗa baƙi da wasali a harshen da take mafarki da shi, balle a Turanci. Gwaje-gwajen karatu da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato sun nuna irin wannan hali, inda mafi yawan yaran suka kasa karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, abin da ya sa aka fito da shirin Mu Karanta a jihohin biyu. Irin wannan aji ba da Hausa ake koyarwa a cikinsa ba, kuma ba da Turanci ba.

Gaskiya ne akwai matsala a garuruwa irin su Jos da Yola, inda aji ɗaya kan tara yara masu harsuna da yawa, kuma iyaye suna da haƙƙin damuwa da Turanci tun da shi ne harshen jarrabawa da neman aiki. Sai dai matsalar wasu wurare ba ta isa dalilin hana yaron Gumel ko Daura koyon karatu da harshen da kusan duk ajinsu ke ji ba. Maƙwabciyarmu Nijar ta fara gwada makarantu masu haɗa harshen gida da Faransanci tun 1973, kuma akwai abin koyo a nasarorinsu da tuntuɓensu.

Tun da gwamnati ta ce shaida ta bi, ya kamata ta buga alƙaluman da ta dogara da su domin masana su tantance. Gwamnonin Arewa kuma, waɗanda makarantun firamare ke hannunsu, suna iya ba Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejojin ilimi kuɗin maimaita gwajin Ife da Hausa da Fulatanci da Kanuri, a zaɓi makarantun ta hanyar ƙuri'a, a ba kowane ɓangare littattafai da malamai daidai wa daida, sannan a bi yaran har su kammala aji shida.