Tafkin bayan gida: abin da na gani a Ingila da amsar da na ba ƙanena a Birnin Kebbi

Makon jiya ƙanena ya turo mini hoto ta WhatsApp. Wani ɗan tafki ne a tsakar gidan wani attajiri, an kewaye shi da duwatsu, ruwa na zubowa daga sama, ga kifaye ja da fari suna yawo. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, irin wannan nake so in yi a sabon gidana. Tunda kuna da su a nan, yaya ake yi?" Gidan nasa yana Birnin Kebbi, bai daɗe da tarewa ba, kuma yana da yara uku, babbarsu ba ta kai shekara bakwai ba.

Gaskiya ne, muna da su a nan. Maƙwabcina a birnin Lids na Ingila, wani dattijo da ya yi ritaya, yana da ɗaya a bayan gidansa, kuma shekara huɗu ke nan ina leƙensa ta kan shinge. Tsawonsa bai wuce mita biyu ba, zurfinsa kamar santimita 60 a tsakiya. Da hannunsa ya haƙa, ya shimfiɗa yashi, ya ɗora roba mai kauri don kada ƙasa ta shanye ruwan. Gefe guda ya bar shi da gangara, saboda idan bushiya ta faɗa da dare ta samu ta fita. Ba ya zuba ruwan famfo kai tsaye, don akwai sinadarin kulorin a ciki. Ruwan sama yake tarawa a duro daga indararo. Idan kaka ta yi ganye ya fara zuba, sai ya baza raga a kai. Da sanyi ya tsananta saman ya daskare, na ga ya fito da tukunyar ruwan zafi ya aza a kan ƙanƙarar, ya tsaya riƙe da ita har ta huda rami. Ya ce ba a fasa ta da guduma, girgizar tana cutar da abin da ke ƙasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu kifi ko ɗaya a ciki, kuma da gangan ne. Kwaɗi yake so, da mazari, da tsuntsayen da ke sauka shan ruwa. Ya ce kifi zai cinye masa talibambam. Ranar da ya fara ganin ƙwan kwaɗo a watan Maris, har ƙofa ya zo ya kira ni in gani. Na tsaya a kansa ina kallo, sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, domin abin da wannan bawan Allah ya kashe kuɗi da ƙarfi ya ƙirƙira, mu kyauta muka tashi muka same shi a bayan unguwarmu a Argungu.

Kududdufinmu ramin da aka ɗebi ƙasar ginin gidajen unguwa ne. Da damina ta kankama yakan cika ya batse, bado ya buɗe fararen furanninsa da safe, kainuwa ta rufe gefe guda, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya yana dako. Da rani, idan ya ƙafe laka ta tsage, manyan yara sukan tona su fito da gaiwa da ranta, ta naɗe a cikin ƙasa tana jiran ruwa. Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Sauro a nan yake ƙyanƙyasa, kuma abokaina da yawa sun yi fitsarin jini na tsargiya saboda wanka a ciki. Amma duk ruwan da ya zubo daga rufin unguwar nan can yake tafiya ya kwanta. Zuwana gida na ƙarshe na tarar an cike shi da shara da leda, an yanka filaye, an yi gini a rabinsa. Yanzu idan aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, zauren Inna yake shiga. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

To, ga abin da na ce wa ƙanena, kuma shi nake faɗa wa duk wanda hoton nan ya ja hankalinsa. Kada ka kwafi tafkin Bature. Shi ya yi nasa ne a ƙasar da babu zazzaɓin cizon sauro, inda rana ba ta da ƙarfi, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Tafki marar kifi a Kebbi gidan haihuwar sauro ne kawai, domin sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi son ruwa mai tsabta, marar zurfi, wanda rana ke duka. Kifin adon nan kuma da ake kira koi, wanda aka fi sani daga Japan, yana buƙatar famfo mai juya ruwa dare da rana. Ruwa idan ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take yi. Ka ƙiyasta watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta tun azahar. Kafin gari ya waye za ka tarar da su sun juya ciki sama, kuɗinka ya bi ruwa.

Abin da ya dace da mu yana hannunmu tun kaka da kakanni. Mu ne fa Kabawa. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a Argungu, a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ya ga dubban masunta sun afka ruwa da homa da gora ya san ba a rasa masanin kifi a ƙasar nan ba. Me zai sa ɗan wannan ƙasa ya nemi kifin da ba a ci? Da na ba Inna labarin koi a waya, tambaya ɗaya ta yi mini: "Wanga kifi, ana cin shi?" Na ce a'a. Ta ce, "To, Allah shi kyauta."

Tarwaɗa ita ce ta gida. Tana iya shaƙar iska daga saman ruwa, shi ya sa take jure abin da zai kashe wani kifin, kuma idan ta samu abinci mai kyau tana isa ci cikin wata biyar zuwa shida. Ƙananan karfasa kuma suna lashe tsutsar sauro. A gina kwarmin kifin a inuwa, amma ba daidai ƙarƙashin darbejiya ba, don ganye da 'ya'yanta za su ruɓe a ciki; rumfar zana ta wadatar. Idan da siminti aka yi, kada a yi gaggawar zuba kifi. Sabon siminti yana sakin ƙarfinsa cikin ruwa, sai an cika an bar shi ya jiƙa an zubar, an maimaita har tsawon makonni. A sa bututun fitar da ruwa a ƙasa, a karkata shi zuwa gindin zogale da ayaba da ɗan fangalin alayyafo. Ruwan da kifi ya ɓata taki ne. A garin da mutane ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ban ga hujjar zubar da shi a kwata ba.

Sai maganar da ta fi duka nauyi a wurina, wato yara. Ko a nan, inda gida bai cika wuce yaro ɗaya ko biyu ba, ana gargaɗin masu ƙananan yara su rufe tafki da ƙarfe ko su haƙura sai yaran sun girma. Gidajenmu kuwa ƙofa a buɗe take, 'ya'yan maƙwabta na shiga da fita, uwa tana madafi. Yaro mai rarrafe ruwan da bai kai gwiwa ba ya ishe shi, kuma ba a jin kukansa. Na ce wa ƙanena ya ɗaga bangon kwarmin ya kai ƙugun babba, ya kai wa mai walda ya haɗa masa murfin rodi mai ƙwari da kwaɗon kullewa, kuma ya biya kuɗin murfin kafin ya sayi kifi ko guda.

Ya yi shiru kwana biyu. Jiya ya kira ni, ya ce ya je wurin wani tsohon masunci abokin marigayi Baba, kuma tsohon ya yi masa alkawarin zuwa ya duba inda za a haƙa bayan sallar Juma'a. Ya ce uwargidansa ta riga ta zaɓi inda za ta dasa zogalen. Na roƙe shi idan ya je Argungu ya ɗauko mini hoton abin da ya rage na kududdufinmu, ina so in nuna wa maƙwabcina.