A mayar wa Belmont da mita 400 ɗinta

Tun 2024 da aka kwashe sukuwar Belmont, ta ƙarshe a manyan sukuwar dawaki uku na Amurka bayan Kentucky Derby da Preakness, daga gidanta na Belmont Park zuwa Saratoga saboda aikin gini, aka rage nisanta daga mil ɗaya da rabi zuwa mil ɗaya da kwata. Ba ni da ja da wannan. Zagayen filin Saratoga mil ɗaya ne da ɗaya bisa takwas, idan aka ce sai an yi tsohon nisan, a kan kwana dawaki za su tashi, kuma ba mai son ganin haɗari. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa tunda Dornoch ya ci a 2024, Sovereignty ya ci a 2025, kuma sukuwar ta yi armashi, me zai hana a bar ta haka har abada? Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mita 400 ɗin da suke rainawa su ne Belmont. Kentucky Derby kusan mita 2,000 ce, Preakness ba ta ma kai haka ba. Doki ɗan shekara uku zai iya lashe su biyun da zafin gudu. Sai ya zo New York, a sati na biyar, sannan a tambaye shi ko yana da numfashin mita 2,400. A 1998 Real Quiet ya shigo miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshe yana gaba da tazara, kambi uku, wato lashe sukuwar ukun a shekara ɗaya, na hannunsa, ƙafafunsa suka fara nauyi, Victory Gallop ya yi ta matsowa har ya sha gabansa da tsinin hanci a kan layi. Haka Birdstone ya yi wa Smarty Jones a 2004. Da nisan Saratoga aka yi, mai yiwuwa da yanzu an jera sunayensu da na Secretariat, dokin da ya cinye wannan nisa cikin minti 2 da daƙiƙa 24 a 1973, ya bar na biyu da tsawon dawaki 31. Har yau ba a karya wannan lokaci ba. Dawaki 13 kacal suka taɓa haɗa ukun, kuma wahalar ce ta ba su daraja.

Za su ce ai nisan ya sha canzawa, a 1867 da goɗiya Ruthless ta ci ta farko a Jerome Park mil ɗaya ne da biyar bisa takwas, ita ma Derby an rage ta a 1896. To, sai me? Tun 1926 Belmont ta zauna a mil ɗaya da rabi, in ka cire 2020 ta korona da shekarun Saratoga. Masu fakewa da tausayin dawaki kuma su je su yi magana kan tazarar sati biyu tsakanin Derby da Preakness, can matsalar take.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce masu kiwo sun daɗe suna haɗa iri don gudun gajeren zango, saboda shi ke kawo kuɗi da wuri a kasuwar 'yan dukushi. Sun ɓata irin, yanzu suna so a gajarta fili ya yi daidai da abin da suka haifar. Wannan rashin kunya ne. Hukumar sukuwa ta New York ta tsaya kan mil ɗaya da rabi ranar da aka koma Belmont Park, a kuma ƙara kuɗin lada a sukuwar dogon zango, masu kiwo za su bi kuɗin da kansu.