Ni da talotalon Misuri, da bidiyon da Dogo ya watsa

Tunda Dogo ya ga dama ya saka bidiyon nan na kokawata da talotalon daji a zauren WhatsApp na masallaci, har ya isa hannun surukaina a Funtuwa, to ni ma bari in faɗi nawa. Talotalon dai ni na harbe shi. Wannan ko Dogo bai musa ba.

Kun san tsohon nan mai gyara mana na'urar ɗumama gida, wanda yara ke ce wa Baba Soja. Ya daɗe yana damuna in bi shi gonar ƙaninsa can kudancin jihar Misuri a nan Amurka, wajen tsaunukan Ozak, idan an buɗe farautar talotalon daji a watan Afrilu. Na zauna na yi darasin ƙa'idojin farauta ta intanet, wanda dole ne ga duk wanda aka haifa daga 1967 zuwa yau, na yanki lasisi, ya ara mini bindiga mai lamba 12 da kayan sawa masu zanen ganye. Kayan na babban ɗansa ne, mutumin da ya yi biyuna. Ku riƙe wannan. Dogo kuma ya liƙe mana, wai shi jikan Sarkin Baka ne, jinin farauta na yawo a jikinsa. Duk mun san kakan Dogo goro yake sayarwa.

Tun cikin mota Baba Soja ya sa na cire jar hulata. Ba a shiga daji da ja, ko fari, ko shuɗi, domin su ne launukan kan namijin talotalo, wani maharbin na iya hango ka ta cikin ganye ya sakar maka wuta. Na ce Baba, ai launukan tutarku ke nan. Bai yi dariya ba. Sai ya hau ba mu tarihi: a farkon shekarun 1950 talotalon da ya rage a jihar duka bai kai 2,500 ba, aka riƙa kama su da raga ana rarraba su dazuzzuka tun daga 1954 har 1979, aka sake buɗe farauta a 1960. Dogo na ta "ikon Allah, ikon Allah" ido a rufe.

Muka yi Asuba a bayan motar, sanyi na ratsa ƙashi. Baba ya ɗaga kai ya yi kukan mujiya da bakinsa, sai can saman wata bishiya wani abu ya amsa, gululululu! A kan bishiya suke kwana, kuma a wannan lokaci na shekara namijin ba ya iya jin ƙara ya yi shiru. Ya kafa wata macen talotalo ta roba a fili, ya zaunar da ni jikin bishiya, bindiga a kan gwiwa, takunkumi a fuska, ya ce ko ƙifta ido zan yi in yi a hankali, saboda tsuntsun nan yana gani kusan har ƙeyarsa.

Dabarar ita ce ka yi kukan mace. Amma su a al'adarsu, namiji tsayawa yake yana buɗe wutsiya yana taƙama, mace ce ke zuwa zance. Kai kuma so kake ka juya al'adar, ka sa shi ya tako da ƙafarsa. Baba yana da ɗan akwatin katako da yake goga murfinsa ya ba da kyak-kyak-kyak. Ni ya ba ni wata 'yar roba da ake mannawa a ganɗa. Ina sakawa amai ya taso mini, abin da ya fito daga bakina kuwa ba na ce ga dabbar da ke yin sa ba. Baba ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na tofa masa kayarsa.

Babban namijin ya sauko ya bi matansa na gaskiya ya yi gaba. Muka zauna. Ƙafata ta mutu, kaska ta hau ni, Dogo ya fara ɓare biskit a hankali, ƙarar ledar na cika daji. Rana ta ɗaga sosai, har na fara tunanin abin da zan ce wa uwargida, sai ga wani kai ja ya ɓullo ta hagu, ba kuka ba sallama. Yana tafe yana leƙe. Baba ya raɗa mini in bari ya shigo ƙasa da yadi 40, in nufi wuya. Zuciyata na bugawa har a haƙorana. Na yi bismillah na danna. Bindigar ta tokare ni a kafaɗa, tsuntsu ya kife.

Daga nan ne bidiyon Dogo ya fara, kuma shi ya sa nake cewa Dogo ba adali ba ne.

Ni dai abin da ke raina in riske shi da sauran rai in yanka, kada gobe a ce na ciyar da mutane mushe. Na ajiye bindiga, na zaro wuƙa, na zabura. Na manta ƙafar hagu ta mutu. Taku na farko na faɗi. Na tashi, na sake faɗuwa, na ƙarasa da rarrafe. Da na iso sai na tarar tsuntsun da na ce ya kife yana ta tsalle yana dukan ƙasa da fukafukai. Na cafki wuyansa, ya ɗauke ni da mari. Wallahi mari ne, fiffike guda ya rufe mini fuska daga kunne zuwa kunne. Na sake kamawa, ya ƙara mini a ɗaya kuncin. Takunkumin ya juya ya rufe mini ido, ban ganin komai, ina riƙe da wani abu mai gashi ina ihu, "Dogo, ina alƙibla? Dogo, alƙibla!"

Kun san a nan ba gabas ba ce, arewa maso gabas ce, ga shi daji, kuma ni ko samana da ƙasana ban sani ba a lokacin. Dogo na tsaye da waya a hannu. Manhajar alƙibla na cikin wayar nan. Amsar da ya ba ni, kuma tana nan a bidiyon kowa ya ji, ita ce, "Mutumina, in na fita daga kyamara sai ya katse."

Sai ya katse!

Na yi ƙoƙarin danne tsuntsun da gwiwa, ya zille ta tsakanin ƙafafuna, na miƙe in bi shi. A nan wandon ɗan Baba Soja ya ce shi ya gama aiki. Ya sauka har idon sawu, salun alun. Abin da ke ciki kuwa gajeren wandon nan ne da uwargida ta saya mini a gwanjo, ja wur. Baba Soja, mutumin da tun Asuba bai ɗaga murya ba, ya kwarma ihu daga gindin bishiya: "Ja! Rufe jan nan, ɗana, kafin wani ya harbe ka!" Ga wuƙa a hannun dama, ga ƙafar talotalo a hagu, ga wando a ƙasa. Da wane hannu? Na tsuguna. Abin da ya zo mini ke nan, na tsuguna a kan tsuntsun na rufe ja da rigata, shi kuma yana ta bugun cinyata. A haka na yanka shi, ina tsugune, da bismillah ta biyu, fuskata na kallon inda nake kyautata zaton Makka take. Dogo ya ce wajen Meziko nake kallo. Ƙarya yake, shi ma bai duba ba.

Baba ya zo ya duba, ya ce tun harbin farko ya gama, tsalle-tsallen nan duk jijiya ce, haka suke yi. Ya ɗaga gemun ƙirjinsa, bai kai tsawon yatsana ba. Ya buɗe wutsiya, gashin tsakiya ya fi na gefe tsawo, alamar ɗan shekara ɗaya ke nan. Ƙayar nan ta bayan ƙafa da manyansu ke yaga mutum da ita ma ba ta fito masa ba. Wato yaro ne ya yi mini wannan dukan. Amma doka ta yarda da shi, namiji ne, na shigar da shi a manhajar hukuma tun kafin mu bar gonar, alhali har ƙarfe 10 na dare aka ba mutum.

Yanzu maganar Ustaz. Da na kawo naman, uwargida ta soya ƙirjin da yaji, cinyoyin kuma suka kwana a wuta don tauri, aka kira mutane. Ustaz ya zo, ya riga ya ga bidiyon, ya zauna ya harɗe ƙafa ya fara tambayoyi. Na ambaci sunan Allah kafin in danna ko bayan na danna? Da ƙarfi ko a zuci? Harsashin yanka ya yi ko bugu? Wuƙar ta tsinke maƙogwaro da jijiyoyin biyu? Me ya sa al'aurata ke kusa da bayyana? Na ce Malam, malamanmu na Malikiyya na baya sun halatta farauta da bindiga, kuma ni na haɗa biyu, na harba na yanka. Ya ce e, amma akwai magana. Yana cewa akwai magana yana miƙa hannu. Tsoka huɗu na ƙirga da idona, manya, daga tsakiya. Wannan Ustaz ɗin fa shi ne bara ya sa muka yi tafiyar awa biyu neman rago, muka dawo ya ce kunnen ragon bai yi masa ba, sannan ya tafi da hanta. Da zai tashi ya ce a zuba wa iyali kaɗan, don su ma su taya shi bincike. Uwargida ta zuba masa a babbar kular nan mai ruwan toka, wadda Hajiya ta aiko mana da ita.

Har yau kular ba ta dawo ba. Na gan shi ranar Juma'a, ya ce tana mota, motar kuma tana wajen makanike. Wanda duk ya riga ni zuwa gidansa ya karɓo mini, murfin ma daban ya tafi da shi.