Ku bar mu mu yi murnar Wembanyama

Tun da NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta sanar a watan Mayun 2024 cewa Victor Wembanyama na ƙungiyar San Antonio Spurs ne gwarzon sababbin 'yan wasa na shekarar, kuma duk mutum 99 da suka kaɗa ƙuri'a shi suka zaɓa, magana ɗaya wasu abokanmu ke ta maimaita mana: wai zuzutawar ta yi yawa, yaron da ƙungiyarsa ta ci wasa 22 kacal cikin 82 ne ake yi wa wannan kirari? Ni dai ina cikin masu zumuɗin, kuma ba na ɓoyewa. Wanda ya taɓa farkawa ƙarfe biyun dare saboda a lokacin ne ake fara wasa a San Antonio, ya yi ta fama da data da rashin wuta don ya ga yaron nan kai tsaye, ya san abin da idonsa ya gani.

Ga waɗanda ƙwallon ƙafa ta fi ɗauke wa hankali, bari in ɗan faɗi ko wane ne. An haife shi ranar 4 ga Janairun 2004 a Le Chesnay, kusa da birnin Paris. Mahaifinsa ɗan asalin Kwango ne kuma tsohon ɗan wasan tsalle-tsalle, mahaifiyarsa kuwa ta buga ƙwallon kwando kuma tana koyar da ita. Ya taso a Nanterre, ya koma ASVEL, ƙungiyar da Tony Parker, tsohon tauraron Spurs, ke shugabanta, sannan ya yi shekararsa ta ƙarshe a Faransa da Metropolitans 92, inda aka ba shi gwarzon gasar ƙasar yana ɗan shekara 19. Tsayinsa ya kai kusan mita 2.24, kuma in ya buɗe hannayensa faɗinsu ya doshi mita biyu da rabi. Dogaye dai an sha ganinsu a wannan wasa. Abin da ba a saba gani ba shi ne mai irin wannan tsayi yana jan ƙwallo yana yanke mutane, ya ja da baya ya yi jifa mai maki uku kamar gajeren ɗan wasa. A watan Oktoban 2022 da ƙungiyarsa ta je Amurka ta yi wasa biyu da G League Ignite, wata ƙungiyar matasa masu shirin shiga NBA, ya ci maki 37 a na farko, 36 a na biyu. A lokacin ne LeBron James ya ce yaron ya fi kama da halittar da ta zo daga wata duniya.

Ranar 16 ga Mayun 2023 ƙuri'ar zaɓen farko, wato damar fara ɗaukar ɗan wasa cikin sababbin da za su shiga NBA, ta faɗo wa San Antonio Spurs, ranar 22 ga Yuni kuma suka ɗauke shi. Dole mutanen garin su rikice da murna, domin sau biyu kawai suka taɓa samun zaɓen farko kafin nan: David Robinson a 1987 da Tim Duncan a 1997. Kofuna biyar da ke cikin kabad ɗinsu, na 1999, 2003, 2005, 2007 da 2014, duk daga wannan tushe suka fito. Tun kafin yaron ya sauka garin an riga an zana fuskarsa a bangaye. Da ya iso kuma, tsofaffin taurarin ƙungiyar, Duncan da Robinson da Manu Ginobili da Sean Elliott, suka zauna cin abincin dare da shi. Ka tsaya ka yi tunanin nauyin da ke kan ɗan shekara 19 a teburi irin wannan.

To, a nan ne masu suka suke samun abin riƙewa, kuma ba zan ce ba su da hujja sam ba. Shekarar da Robinson ya fara wasa, Spurs ta tashi daga cin wasa 21 zuwa 56. Shekarar Duncan ta farko, daga 20 zuwa 56. Wembanyama kuwa ya tarar da ƙungiya mai nasara 22, aka gama kaka tana nan a 22, har da shan kashi sau 18 a jere, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin ƙungiyar. Sai dai mai wannan lissafi ya manta da abubuwa. Robinson ya gama jami'a, ya yi shekara biyu a rundunar sojan ruwa, ya shigo yana ɗan shekara 24, kuma a shekarar aka kawo masa Terry Cummings da Sean Elliott. Duncan ya yi shekara huɗu a jami'a, ya tarar da Robinson ya dawo daga jinyar da ta hana shi buga kusan duk kakar da ta gabata. Wembanyama ya shigo cikin yara sa'anninsa ne. Kocinsu na lokacin, Gregg Popovich, ma ya shafe makonnin farko yana gwada Jeremy Sochan a matsayin mai raba ƙwallo, alhali ba gurbinsa ba ne. Wallahi a watan Nuwamba akwai daren da za ka ga yaron ya samu wuri a ƙarƙashin kwando, ya ɗaga hannu yana jira, abokan wasansa su kasa jefa masa ƙwallo sama, abin da ya fi komai sauƙi ga mai irin tsayinsa. Abin yana ci mini rai har yanzu.

Kevin Durant ma a shekararsa ta farko wasa 20 Seattle ta ci. LeBron bai kai Cleveland zagayen fitar da gwani ba a tasa shekarar. Babu wanda ke tuna musu wannan yau.

Amma ainihin abin da ya sa na yi rubutun nan shi ne mu kanmu magoya baya. Yawancinmu gajerun bidiyoyin safe muke kallo a waya: ya tsallake mutum ya dankara ƙwallo a raga, ya jefa ta ta tsakanin ƙafafun wani, ya yi jifa daga nesa. Suna da daɗin kallo, ban musa ba. Sai dai in a kan su muka gina zumuɗinmu, masu suka za su kayar da mu cikin sauƙi, domin a wajen kai hari yaron yana da sauran aiki. A kakarsa ta farko, jifansa mai maki uku kashi 32.5 cikin ɗari ne ya shiga, ƙasa da matsakaicin gasar. Ya riƙa ɓarar da ƙwallo kusan sau huɗu a kowane wasa, galibi don yana son yin abin da bai gama ƙwarewa a kai ba. Ranar 22 ga Janairun 2024 Joel Embiid, ɗan asalin Kamaru, ya zuba wa Spurs maki 70, ya nuna masa cewa ƙarfin ƙirji da nauyin jiki har yanzu suna da ranarsu.

Abin da ya sa nake ganin ba a taɓa yin irinsa ba yana can ɗaya ɓangaren filin, wajen tsaro. A kakarsa ta farko ya tare jifa 254 a wasa 71, wato kusan 3.6 a kowane wasa, ya fi kowa a gasar, tsoho da sabo, alhali ko minti 30 ba ya cikawa a fili. Kuma wannan adadin ma rabin labarin ne. Ka zauna ka kalli cikakken wasa ɗaya, ka daina bin ƙwallo da ido, ka kalli fuskar masu kai hari. Za ka ga ɗan wasan da ya shekara goma a NBA ya keto da gudu, hanya a buɗe, yana ɗaga kai ya hango Wembanyama sai ya yi kwana ya fita da ƙwallon waje. Wannan jifan da aka fasa ba ya shiga kowane lissafi, ba ya fitowa a bidiyon safe, amma shi ne ke canza wasa. Tamkar shaho ne ya gifta ta saman tsakar gida: ko bai sauko ba, kaji sun riga sun watse. Akwai lokutan da yake tsaye kusa da kwando, a miƙa wa wani ƙwallo can a kusurwa, ya yi taku biyu ya taɓa ta a sama. Masu jifa sun saba auna tazarar da ta ishe su tun suna yara, shi kuma ya zo ya lalata musu ma'aunin.

Shi ya sa ya zo na biyu a zaɓen gwarzon mai tsaro na shekara, bayan ɗan ƙasarsu Rudy Gobert na Minnesota wanda ya ɗauka karo na huɗu. Shi ya sa kuma aka sa shi cikin mutum biyar na sahun farko a tsaro, abin da babu sabon shigan da ya taɓa samu. Tsaro a NBA abu ne da ake cewa sai an shekara uku ko huɗu kafin a gane kansa, saboda sai ka haddace dabarun ƙungiyoyi 29 da halin kowane ɗan wasa. Yaron nan a watanni shida ya kai inda wasu ba sa kaiwa har su yi ritaya.

Sai kuma yadda ya riƙa canzawa a gaban idonmu. A wasansa na farko na gasar bazara a Las Vegas, jifa biyu kawai ya ci cikin 13, har wasu suka fara dariya. A wasan buɗe kaka da Dallas ranar 25 ga Oktoba, laifuffuka suka zaunar da shi a benci, ya tashi da maki 15. Mako guda bayan haka ya ci Phoenix maki 38 a gaban Durant. Da aka mayar da shi ɗan tsakiya a watan Disamba, aka kuma dawo da Tre Jones raba ƙwallo a Janairu, sai ya zama wani mutum daban. Ranar da ya cika shekara 20 ya yi gaba da gaba da Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma duk da Milwaukee ce ta yi nasara, har yanzu ana maganar yadda ya tare Giannis a bakin kwando ana dab da tashi. Ranar 12 ga Fabrairu a Toronto ya ci maki 27, ya cafe ƙwallo 14 da suka dawo daga kwando, ya tare jifa 10. A ƙarshen Maris Jalen Brunson na New York ya ci maki 61, amma Spurs ce ta yi nasara a ƙarin lokaci saboda yaron ya ci 40 ya cafe 20. Wanda ya fi burge ni shi ne na Denver a watan Afrilu. Masu riƙe da kofi ne, suna neman zama na ɗaya a yankin yamma, sun ba Spurs ratar maki 23, kuma Spurs ba ta da abin da take nema a kakar. Cikin kusan minti uku ya zuba maki 17, aka tashi 121 da 120. Yaron da ya sha kashi kusan sau sittin a shekara ɗaya amma bai koyi sallamawa ba, wannan hali ne, kuma koci ba ya iya dasa shi.

Tsoro ɗaya nake da shi, kuma duk mai ƙaunarsa yana da shi: lafiyar jiki. Ralph Sampson mai irin tsayinsa ne, Houston ta ɗauke shi na farko a 1983, shi ma baki ɗaya aka zaɓe shi gwarzon sababbi, gwiwoyi suka gama da shi tun da sauran ƙarfinsa. Yao Ming ƙafa ta sa ya ajiye wasa a 2011 yana ɗan shekara 30. Greg Oden, wanda Portland ta fifita a kan Durant a 2007, wasa 105 kawai ya buga a rayuwarsa ta NBA. Don haka duk lokacin da na ji magoya baya suna kukan ana cire shi da wuri, ko suna cewa a ɗura masa abinci ya yi ƙiba ya iya ture su Embiid, raina ba ya so. Gwiwa da tafin ƙafa su ke ɗaukar kowane kilo da aka ƙara. Yaron ya fi mu sanin haka. Shi ya sa za ka gan shi kafin wasa ba takalmi yana motsa yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ya haƙura da gasar cin kofin duniya ta 2023 don ya shirya jikinsa. Allah ya ƙara masa lafiya, ya kare shi daga abin da ya samu waɗancan.

Mu a Najeriya muna da wanda za mu auna shi da shi. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, Houston ta ɗauke shi na farko a 1984, a shekarar da Michael Jordan ya zo na uku. Har yau babu wanda ya kai shi tare jifa a tarihin NBA, 3,830, kuma ya yi wasu manyan wasanninsa da azumi a bakinsa. Amma kofinsa na farko sai a 1994 ya zo, shekararsa ta goma. Jordan ma sai a ta bakwai. Masu tambayar me Wembanyama ya ci wa ƙungiyarsa bayan kaka ɗaya, wannan tambayar shugabannin Spurs ya kamata su aika wa. A lokacin suna da zaɓe na huɗu da na takwas a watan Yunin 2024, suna da kuɗin ɗauko gogaggen ɗan wasa. Abin da na roƙa a lokacin bai da yawa: a samo masa mai raba ƙwallo wanda zai gan shi duk lokacin da ya ɗaga hannu, a kewaye shi da mutum biyu ko uku masu jifa daga nesa don a daina taruwa a kansa. Kada kuma a yi gaggawar sayar da duk zaɓukan shekaru masu zuwa don ɗauko wani tauraro da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, kawai saboda mu magoya baya mun matsa.

A ƙarshen watan Yulin 2024 kuma aka fara gasar Olamfik a Paris, inda ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Gobert a gaban mutanen ƙasarsu. Wancan karon lokacin wasannin ya yi daidai da namu, ba sai an hana ido barci ba. Duk wanda ya ce mun cika zuzutawa, ina gayyatarsa ya zauna ya kalli wasan Faransa guda ɗaya daga farko har ƙarshe, ya ƙirga mini sau nawa aka nufo kwando aka fasa.